Ni da Auta da ganyen wake: shirin jarabawar Bayoloji

Akwai darussa biyu a Bayoloji da kusan kowane ɗalibin sakandare yake ganin ya gama da su, saboda kowannensu yana da layi guda da ake haddacewa. Na farko fotosintesis, yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Na biyu resfireshin, yadda ƙwayoyin jiki ke farfasa abincin su ciro ƙarfin da ke cikinsa. Yaro zai rubuta maka 6CO2 + 6H2O → C6H12O6 + 6O2 ko ɗaga biro bai yi ba, ya juya layin baya ya ce ga resfireshin, ya rufe littafi. Amma abin da nake gani a wurin ƙanwata da ƙawayenta masu zuwa karatu gidanmu a Tudun Wada, a nan ne maki ya fi zubewa. Da zarar an ɗan karkata tambaya sai hadda ta tsaya cak, masu tsara tambayoyin WAEC da NECO kuwa sun ƙware a karkatarwa.

Autarmu tana SS3, kuma burinta aikin jinya, don haka kiredit a Bayoloji dole ne a gare ta. Ni aikin gwaje-gwajen jini nake yi a wani asibiti a nan Kaduna, kullum ina tare da madubin ƙara girma da sinadarai. Shi ya sa Umma ta ɗora mini wannan ɓangaren na karatunta. Bayan sallar isha'i muke zama a tsakar gida, in akwai wuta mu gode Allah, in babu mu kunna fitilar sola. Ba mu jira sai jarabawa ta ƙarato ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokar da na kafa mata ɗaya ce: kada ta rubuta sunan wani sinadari sai ta iya gaya mini daga ina ya zo, kuma ina ya nufa.

Da dogonyaron ƙofar gidanmu muka fara. Na ce, "Auta, wannan bishiyar in aka sare ta, itacenta zai cika kura. Daga ina duk nauyin nan ya fito?" Ta ce, "Daga ƙasa mana, Yaya. Ba saiwa ce ke jawo abinci ba?" Amsar da kusan kowa zai bayar ke nan, har manya. To amma da bishiya ƙasa take ci, da kowace tsohuwar kuka tana tsaye ne a cikin rami. Wani likita ɗan Burasels mai suna Jan Baptist van Helmont ya gwada wannan tun a ƙarni na 17. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan reshe mai nauyin kilo 2 da ɗoriya, ya yi shekara 5 ruwa kawai yake ba shi. Da ya tumɓuke ya auna, bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta ragu bai kai giram 60 ba. An buga labarin gwajin a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace, kuma ruwan yana da rabonsa, amma babban abin ya kuɓuce masa, domin ba a san shi ba a zamaninsa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kabon ɗin nan kuwa ta ganye ya shiga, daga iskar kabon dayoksaid wadda kusan kashi 0.04 cikin ɗari ce kacal na iskar da ke kewaye da mu. Buhun gawayin da ake saukewa a bakin titi a unguwarmu, asalinsa iska ce da ganye ya tattara kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ni kaina duk lokacin da na faɗi wannan sai na ce Subhanallah.

Daga nan layin da ta haddace ya fara yi mata magana. Kabon shida na cikin gulukos, wato sukarin da ganye ke haɗawa (C6H12O6), daga kabon dayoksaid shidan nan suka zo, sun shiga ta ƙananan ƙofofin da ake kira sitomata, waɗanda suka fi yawa a bayan ganye. Ruwa kuma saiwa ce ta jawo shi, ya hau ta bututun zailem. Sai na tambaye ta oksijin ɗin da ganye ke fitarwa fa, na wa ne? Ta duba layin ta ce na kabon dayoksaid ne, tunda shi ke da O2 a jikinsa. Haka ido ke nunawa, amma ba haka ba ne. Na ruwa ne. Hasken da kulorofil, wato koren sinadarin ganye, ya kama shi ke tsaga ruwa, a riƙe haidurojin ɗinsa don aiki, a saki oksijin ya fita. Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu a Amurka suka tabbatar da haka a 1941, da suka ba tsiron ruwa wani ruwa mai ɗauke da oksijin mai nauyi, sai ga shi ya bayyana a iskar da tsiron ya fitar. Wannan tambayar tana yawan zuwa a ɓangaren zaɓi-ɗaya, kuma mai hadda kawai kusan kullum faɗawa yake yi.

Matakan fotosintesis biyu ne, kuma ba mu daɗe a kansu ba. Na farko a cikin girana yake faruwa, wato jerin faifan da ke cikin kuloroflas, ɗan ɗakin ƙwayar ganye mai ɗauke da kulorofil, sai da haske, a nan ake tsaga ruwa a samar da ATP da NADPH, sinadarai biyu masu ɗaukar ƙarfi zuwa inda ake buƙatarsa. Na biyu a cikin sitiroma, wato ruwan cikin kuloroflas, inda ake amfani da waɗannan biyun a mayar da kabon dayoksaid sukari. Shi ne zagayen Calvin, da sunan Melvin Calvin wanda ya samu kyautar Nobel a kansa a 1961. Littattafai da yawa suna kiransa matakin duhu, sai yara su ɗauka da dare ake yinsa. A'a, da rana yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko, domin in na farko ya tsaya, kayan aikinsa sun yanke. Kulorofil kuma jan haske da shuɗi yake sha ya mayar da kore, shi ya sa muke ganin ganye kore. Akwai maganiziyam a tsakiyarsa da naitirojin kewaye da shi. Manomin da ya ga masararsa ta fara yin ɗorawa-ɗorawa ya ruga neman takin yuriya, matsalar kulorofil yake magancewa ko da bai taɓa jin sunan ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne gwajin sitaci, wato siffar da ganye ke ajiye sukarin da ya haɗa, kuma shi nake so duk mai ƙani ko ƙanwa a SS2 da SS3 ya yi a gida. A makarantu da yawa ajin ya cika, kayan ɗakin gwaji ba sa isa kowa, sai malami ya zana gwajin a allo yara su kwafa. Ba na ganin laifin malamin, amma gani ya kori ji. Kayan kuwa ba wasu masu tsada ba ne: wake kaɗan daga kicin, gwangwanin madara, sifirit da aidin na wanke ciwo daga kemis, baƙar takarda, da farin faranti.

Mun shuka waken a gwangwani muka bar shi ya buɗe ganye sosai. Sai muka sa shi cikin kabad muka rufe na kwana 2, domin a cikin duhu tsiron zai cinye ko ya kwashe sitacin da ya riga ya tara a ganyensa. In ba a yi haka ba, duk abin da aka gani daga baya ba za a san na yau ne ko na shekaranjiya ba. Da sassafe muka fito da shi, Auta ta yanka baƙar takarda ta rufe tsakiyar wani ganye sama da ƙasa, ta maƙale da fil, muka ajiye a rana har bayan azahar. Sannan ta tsinke ganyen ta cire takardar, ta tsoma shi a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya. Wannan yana kashe ƙwayoyin ganyen, ya tsayar da duk aikin da suke yi, ya kuma buɗe su yadda aidin zai iya shiga.

Mataki na gaba shi ne mai hatsari, kuma ina roƙon duk wanda zai gwada ya kula. Sifirit yana kama wuta nan da nan. Ba a ɗora shi a kan murhu. Kashe gas ɗin muka yi tukuna, muka zuba sifirit a ƙaramar kwalba, muka jefa ganyen ciki, muka tsayar da kwalbar a cikin ruwan zafin. Sifirit yana tafasa tun kafin ya kai zafin da ruwa ke tafasa, saboda haka zafin ruwan ya ishe shi. Umma tana zaune a bakin ƙofar kicin tana cewa, "Ku dai ku yi a hankali da tukunyata da hannuwanku." A gaban idonmu sifirit ɗin ya rine ya zama kore shar, ganyen ya yi fari fat ya ƙandare. Muka sake tsoma shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, Auta ta shimfiɗa shi a faranti ta ɗiga aidin. Duk inda rana ta taɓa ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, alamar akwai sitaci, inda takarda ta rufe kuwa ya tsaya da launin aidin ɗin, ruwan ƙasa-ƙasa, da siffar takardar daram kamar an zana. Ta ce, "Yaya, wallahi ya fito! Umma, zo ki gani!"

Abin da ya sa na nace a kan wannan gwajin, mai jarabawa ba ya tsayawa a "me ya faru". Dalilin kowane mataki yake tambaya. Don me aka ajiye tsiron a duhu? Don me aka tafasa ganyen? Don me aka sa shi a sifirit, kuma don me ba a kan wuta kai tsaye ba? Wanda ya ga koren nan yana fita da idonsa ba zai manta cewa an cire kulorofil ne don kada ya ɓoye launin aidin ba. Sauran gwaje-gwajen duk 'ya'yan wannan ne, abu ɗaya kawai ake canzawa. In ana son nuna buƙatar kulorofil, a samo ganye mai fari da kore irin na furannin da ake sayarwa a bakin hanya a Unguwar Rimi, a zana taswirarsa kafin a tafasa, za a ga inda yake kore ne kawai ya yi baƙi. In kabon dayoksaid ne, a sa ganyen cikin kwalba mai fotasiyam haidiroksaid, wanda ke shanye iskar. Kuma kowane gwaji yana da abokin kwatance, wato wani ganyen da ba a hana shi komai ba. Yara suna yawan mantawa da ambatonsa, maki kuma yana kansa. Shawara ƙarama: kada a gwada da ganyen albasa, shi ba ya tara sitaci, kuma ganyen mangwaro ya yi kauri, zai wahalar da ku.

Sai muka shiga resfireshin, inda babban ruɗanin yake. Auta ta zo da abin da kusan duk ajinsu suka riƙe: wai tsiro yana fotosintesis da rana, ya yi resfireshin da dare. Wannan kuskure ne mai cin maki. Tsiro yana resfireshin dare da rana, ba ya tsayawa ko na daƙiƙa, kamar yadda ni da ita ba ma tsayawa. Kowace ƙwaya mai rai tana buƙatar ƙarfi a kowane lokaci, kuma sukarin da ganye ya haɗa ba ya aiki da kansa sai an farfasa shi. Abin da ke faruwa, da rana fotosintesis ya fi resfireshin sauri nesa ba kusa ba, sai ganye ya cinye kabon dayoksaid ɗin da ya samar a cikinsa har ya nemi ƙari daga waje, ya kuma fitar da rarar oksijin. Da dare fotosintesis ya tsaya, sai resfireshin ya rage shi kaɗai a fili. Da asuba da kuma gab da magariba akwai ɗan lokacin da biyun suke yin daidai, babu shiga babu fita. Jan Ingenhousz ya lura da bambancin nan tun 1779: koren ganye yana gyara iska ne a cikin haske kawai, a duhu kuwa ɓata ta yake yi. Kafin shi, a 1771, Joseph Priestley ya ga reshen na'a-na'a ya gyara iskar da kyandir ya ƙone a ciki ya mutu.

Ban ma buƙaci littafi don in gamsar da ita ba. Na tuna mata gonakin bakin Kogin Kaduna a watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a fadama. Masara tana tsaye cikin ruwa, ga rana ga komai, amma sai ta yi rawaya ta mutu. Ruwa ya cike gurbin iska a cikin ƙasa, saiwa ta rasa oksijin, ta kasa resfireshin, ta kasa jawo gishirin ƙasa. Saiwa ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta fotosintesis, da sukarin da ganye ke aiko mata take rayuwa. Haka kuma duk mai sayar da hatsi ya san in aka ɗura masarar da ba ta gama bushewa ba a buhu, in ka cusa hannu ciki za ka ji zafi. Ƙwayoyin hatsin da funfunar da ke kansu ne ke resfireshin suna fitar da zafi da danshi. Wannan shi ne ainihin gwajin da ke cikin manhaja, na jiƙaƙƙen wake mai tsiro a cikin filas da ma'aunin zafi, da wani filas ɗin mai dafaffen wake a gefe don kwatance.

Matakan resfireshin kuwa uku ne, kuma na ce ta riƙe wurin kowanne kafin komai. Gilaikolisis a cikin saitofilazim, wato ruwan cikin ƙwaya, ba ya buƙatar oksijin, ana raba gulukos mai kabon 6 gida biyu ya zama fairubet mai kabon 3, ribar ATP 2. Zagayen Krebs a cikin ruwan maitokondiriya, ɗan ɗakin samar da ƙarfi na cikin ƙwaya, nan ne mafi yawan kabon dayoksaid ke fita. Hans Krebs ya bayyana shi a 1937 a Ingila. Sai na ƙarshe a jikin naɗaɗɗen bangon ciki na maitokondiriya, inda ake samun mafi yawan ATP, inda kuma oksijin ke jira a ƙarshen layi ya karɓi haidurojin ya zama ruwa. Nan na sake ɗana mata tarkon da na ɗana a baya: oksijin ɗin da muke shaƙa, ina yake zuwa? Wannan karon ta yi shiru ta bi sawunsa, ta ce, "Ruwa yake zama, Yaya. Kabon dayoksaid ɗin kuma daga tuwon da na ci ne." Na ji daɗin wannan amsar ƙwarai, domin ban faɗa mata ba, ita ta gano.

Da ta tambaye ni amfanin ATP tunda ga gulukos, na ce ta ɗauki gulukos a matsayin takardar dubu, ATP kuma canji. Ƙwayar jiki ƙananan sayayya take yi ba iyaka, motsa tsoka, tura gishiri, ɗinka furotin, kowanne da ɗan kuɗinsa, don haka sai an fasa babbar takardar tukuna. Game da adadi, littattafan sakandare da yawa suna cewa ATP 38 daga gulukos ɗaya, wasu 36, binciken baya-bayan nan kuma ya fi karkata ga 30 zuwa 32. Na gaya mata gaskiyar hakan, na kuma ce a ɗakin jarabawa ta rubuta abin da littafin manhajarsu ya ce. Abin da ba ya canzawa shi ne tazarar: in da oksijin ana samun talatin da wani abu, in babu shi 2 kacal.

Wannan na rashin oksijin a kicin ɗinmu yake kullum. Ƙullun fanke ko na waina da Umma ke sa wa yis ta rufe ya kumbura, yis ne ke cin sukari yana fitar da kabon dayoksaid da ɗan barasa, iskar ta maƙale a ƙullun ta tashe shi, barasar kuma zafin suya ya kore ta. Nonon da muke dama fura da shi, bakteriya ne suka mayar da sukarin madara asid ɗin laktik, shi ne tsamin, shi ne kuma ya sa ya yi kauri. Tsokar mutum ma tana bin wannan hanya ta biyun in ya yi gudun da oksijin ya kasa isar ta, shi ya sa yaran da ke ƙwallo a layinmu suke ci gaba da haki bayan sun tsaya, suna biyan bashin oksijin. A lura, hanyar yis tana fitar da kabon dayoksaid, ta tsoka ba ta fitarwa. Shi ma wurin faɗuwa ne.

Sauran aikin na hannu ne da sabo. Jarabawar da Turanci ake rubuta ta, saboda haka tsarinmu shi ne ta yi mini bayani da Hausa har in gamsu, sannan ta rubuta da Turanci ba tare da duba littafi ba, ni kuma in bi haruffan kalmomin kimiyya ɗaya bayan ɗaya, domin kalmar kimiyya in harafinta ya karkace ana iya hana maki. In an ce a kawo bambanci tsakanin fotosintesis da resfireshin, tebur za ta zana, kowane layi ya fuskanci ɗan'uwansa: wannan a kuloroflas, wancan a maitokondiriya, wannan yana tara ƙarfi, wancan yana sakinsa, wannan sai da haske, wancan kowane lokaci, wannan yana ƙara nauyin tsiro, wancan yana rage shi. Bayoloji na WAEC takardu uku ne, zaɓi-ɗaya da rubutu da aikin gwaji, kuma a na ukun zane yana da maki mai tsoka. Fensir mai kaifi, layi ɗaya tsaf ba a maimaita shi, ba a yi wa zane inuwa, layukan nuni da rula ake ja kuma ba sa gicciye juna, a sa take, a rubuta ninkin girma. Yanzu tana zana yankakken ganye daga sama zuwa ƙasa, da dogayen ƙwayoyin falised a jere ƙarƙashin fatar sama inda haske ya fi isa, da masu sarari a tsakaninsu a ƙasa inda iska ke yawo. Tsofaffin tambayoyi kuma na saya mata a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, muna yin su da agogo a gabanta, kuma duk wadda ta faɗi sai ta gaya mini dalilin da ya sa sauran zaɓuɓɓukan ba daidai ba ne kafin mu wuce. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu ƙawayenta biyu za su kawo nasu waken, ita ce kuma za ta jagoranci gwajin, ni zan tsaya kusa da sifirit ɗin kawai.